Labarin Kamfanin Systems Union: Littafin Lissafin da Ya Yi Ta Sauya Ubangida

Tun daga ƙarshen shekarar 2015 mutanen Daɗin Kowa, unguwar nan da ke bisa babbar hanyar da ta tashi daga Jos zuwa Bukuru, suka saba da wata 'yar takarda mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 12. Uban da zai biya wa ɗansa kuɗin Jami'ar Jos ya san ta. Ɗan kwangilar da ke neman takardar shaida daga wata hukuma ta Gwamnatin Tarayya ya san ta. Haka kuma akawun kamfanin da zai kai kuɗin da doka ta aza wa masu ɗaukar ma'aikata, watau daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin shekara, ga Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda hedkwatarsa ke nan kusa a hanyar Miango. Mutum ya kan shiga ɗaya daga cikin ƙananan shagunan da ke da kwamfuta, a buga masa takardar, ya ɗauka ya nufi banki ya biya. A saman takardar akwai suna guda, Remita.

Kaɗan ne daga cikin masu riƙe da wannan takarda suka san cewa in aka bi salsalarta, za a iske ta faro ne daga wani kamfanin Ingila mai suna Systems Union, wanda a yau ba ya tsaye da ƙafarsa, domin ya sauya ubangida har sau huɗu cikin shekara 20. Labarinsa ya shafi duk wanda albashinsa ko harajinsa ko kuɗin makarantar 'ya'yansa ke ratsawa ta cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wanda kuwa a zamanin nan kusan kowa ke nan.

Daga Littafi Zuwa Na'ura

Tsofaffin akawuna ba su manta da yadda aikin lissafi ya ke a da ba. Kowane kamfani yana da manyan littattafai masu bangon fata, ɗaya na kuɗin da ya shigo, ɗaya na wanda ya fita, ɗaya na masu bin kamfani bashi, ɗaya na waɗanda kamfani ke bi. In ƙarshen wata ya zo sai a kwashe jimlar kowane littafi a zuba cikin babban littafi, a auna hagu da dama. Idan kwabo ɗaya ya ɓace, to, babu mai zuwa gida sai an gano inda ya maƙale, ko da za a kai tsakar dare ana bin layi ɗaya bayan ɗaya da rula da fensir.

Kwamfuta ba ta san wannan aiki da kanta ba. Sai an rubuta mata umarni dalla-dalla, kuma wannan tarin umarni shi a ke kira manhaja. Kamfanin Systems Union ya yi suna ne cikin shekarun 1980 saboda wata manhajar lissafi da ya ƙirƙira mai suna SunSystems. Abu biyu suka fifita ta a idon akantoci. Na farko, maimakon littattafai barkatai, ta tattara kome cikin littafi guda, ta yadda ko wane ciniki da zarar an shigar da shi sau ɗaya ya zauna, sai dai a liƙa masa alamun da za su nuna reshen da ya yi shi da aikin da aka kashe kuɗin dominsa. Na biyu, ta iya lissafi da kuɗin ƙasashe dabam-dabam a lokaci guda. Saboda haka kamfanonin mai, da manyan otal-otal, da kamfanonin inshora, da ƙungiyoyin agaji masu karɓar kuɗi da dala su kashe da kuɗin gida, suka rungume ta a ƙasashe da yawa.

Wannan siffa ta biyu ita ce ta buɗe mata kasuwa a ƙasar nan. A watan Satumba na 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗaɗen waje, darajar Naira ta fara sauka, farashin dala ya shiga sauyawa mako-mako. Akawun da a da ya ke rubuta farashi ɗaya shekara guda cur, sai ga shi yana sake lissafi ko da yaushe. Kana kuma aka sassauta dokar kafa bankuna, har yawansu ya haura 100 a farkon shekarun 1990. Littafi da rula ba su iya ɗaukar wannan nauyi.

Wakili a Ikko

Kamfani irin Systems Union ba ya buɗe ofis a kowace ƙasa. Ya kan naɗa wakili, wanda zai tallata manhajar, ya girka ta a ofishin mai saye, ya koya wa ma'aikata, ya riƙa zuwa gyara in ta cije, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa ya aika wa uwar gida da saura. Cikin shekarar 1992 wani ƙaramin kamfani mai suna SystemSpecs ya fara aiki a Ikko a matsayin irin wannan wakili, da ma'aikata biyar kacal. Wanda ya kafa shi, John Obaro, ya yi karatun lissafi da ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma yi aiki a sashen kwamfuta na banki kafin ya ajiye ya kama na kansa.

Wakilci yana da daɗi, amma yana da iyaka. Kayan ba naka ba ne, farashi ba kai ke yankewa ba, kuma ran da uwar gida ta ga dama ta naɗa wani, ko ta faɗa hannun wanda bai san da zamanka ba, shi ke nan. Mutanen SystemSpecs sun lura da wani giɓi. Manhajar Ingila ta ƙware wajen babban lissafi, amma biyan albashi a Nijeriya yana da nasa sarƙaƙiya: harajin da a ke cirewa daga albashi, da alawus iri-iri na gida da na mota da na hutu, da bashin da ma'aikaci ya ci daga ofis, da kuɗin ƙungiyar ƙwadago. Sai suka zauna suka rubuta tasu manhajar ta albashi da kula da ma'aikata, wadda aka sani da suna HumanManager. Daga nan wata tambaya ta taso da kanta. In na'ura ta gama lissafin abin da kowa zai karɓa, don me za a sake ɗaukar jerin sunaye da caki a bi bankuna ɗaya bayan ɗaya? Amsar wannan tambaya ita ce Remita, wadda ta fito cikin 2005, aikinta kuwa shi ne ta tura kuɗi daga asusun mai biya zuwa asusun masu karɓa ko a wane banki su ke.

Ciniki Bisa Ciniki

Sa'ad da wakili ke gina nasa a Ikko, ita uwar gida ta shiga hannun 'yan kasuwa. A shekarar 2000, lokacin da hannun jarin duk wani kamfani mai alaƙa da intanet ya yi tashin gwauron zabo, wani sabon kamfani mai suna Freecom.net ya saye Systems Union, kamar yadda ya saye Pegasus, mai yin manhajar lissafi ta ƙananan 'yan kasuwa. Abin dariya shi ne, da kasuwar intanet ta rushe, wanda ya saya ne ya yar da sunansa ya ɗauki na wanda aka saya, domin a can ne a ke da abokan ciniki na gaske masu biyan kuɗi na gaske. Daga hedkwatarsa a garin Farnborough kamfanin ya farfaɗo, har shi ma ya saye wasu, ciki har da MIS na ƙasar Jamus.

A can Amurka kuwa akwai wani kamfanin masu zuba jari a birnin San Francisco mai suna Golden Gate Capital. Sana'ar irin waɗannan ita ce su tara kuɗin attajirai da na asusun fansho, su haɗa da rance mai yawa daga bankuna, su sayi kamfanoni, su rage kashe kuɗi, su sayar da riba bayan wasu shekaru. Cikin 2002 sun kafa wani kamfanin manhaja mai suna Agilisys, wanda a 2004 ya saye wani kamfanin Jamus ya ari sunansa ya koma Infor. A farkon 2006 suka saye kamfanin Geac na ƙasar Kanada a kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu ɗaya, suka ware wani sashe nasa suka raɗa masa suna Extensity. Shi wannan Extensity, tun bai cika shekara ba, ya taya Systems Union a kan kuɗi fiye da fam miliyan 200, masu hannun jari suka sallama. Ba a rufa wata uku ba, a watan Agusta na wannan shekara, sai Infor ya haɗiye Extensity da Systems Union gaba ɗaya, tare da wani babban kamfani na birnin Chicago mai suna SSA Global, wanda shi kaɗai ya ci kimanin dala miliyan 1,400. Watau cikin shekara guda mai amfani da SunSystems ya kwana da ubangida ɗaya, ya tashi da na biyu, kafin ya gama haddace sunansa an miƙa shi ga na uku.

Akwai wani labari a cikin cikin SSA Global da ya isa a tsaya a kansa, don ya nuna yadda darajar irin waɗannan kamfanoni ke hawa da sauka. Cikin 1978 wani mutumin ƙasar Holan mai suna Jan Baan ya kafa kamfani a ƙaramin garin Barneveld. Manhajarsa ta sarrafa aikin masana'antu ta yi ƙarfi har kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ɗauke ta a 1994, aka fara ganin Baan a matsayin kishiyar SAP na Jamus. A 1998 aka gano cewa kamfanin, wanda ke sayar wa duniya kayan lissafi, nasa lissafin cinikin yana da kumbure-kumbure. Hannun jarinsa ya faɗi warwas. A 2000 kamfanin Invensys na Ingila ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 700, bayan shekara uku ya sayar wa SSA Global a kan dala miliyan 135. Masana'antun da suka aza dukkan aikinsu bisa manhajar Baan suna ji suna gani aka yi ta jefa su daga hannu zuwa hannu, har suka tsinci kansu a ɗaki ɗaya da masu SunSystems.

Da wannan haɗe-haɗe Infor ya wayi gari da abokan ciniki wajen 70,000, ya zama na uku a duniya a wannan fage, bayan SAP da Oracle. Ya ci gaba da saye, ciki har da kamfanin Lawson a 2011 a kan kimanin dala miliyan 2,000, ya kuma mai da hedkwatarsa birnin New York. Sa'an nan shi ma ranarsa ta zo. Kamfanin Koch na garin Wichita a Jihar Kansas, wanda aka fi sani da matatun mai da takin zamani da takarda, ya zuba jarin fiye da dala miliyan 2,000 a cikinsa a 2017, kana a 2020 ya saye ragowar daga hannun Golden Gate. Jaridun kasuwanci sun ƙiyasta darajar cinikin a kusan dala miliyan dubu 13.

Me A Ke Saye?

To, mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mai tace man fetur zai zuba wannan maƙudan kuɗi a abin da ba a iya taɓawa da hannu? Kamfanin manhaja ba shi da rijiyar mai, ba shi da gona, ko ginin ofishinsa sau da yawa haya ne. Ita kanta manhajar, wata ta tsufa ƙwarai, an rubuta ta tun masu gyaranta na yanzu suna 'yan makaranta.

Abin da a ke saye shi ne mutanen da ba su iya tashi. Wanda ya sayi irin wannan manhaja ba ya biya sau ɗaya ya huta. Bayan kuɗin lasisi, a kan biya kuɗin kulawa kowace shekara, wanda a al'adar wannan kasuwa ya kan kai kimanin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin lasisin, a zamanin nan kuma an fi mai da abin haya ta shekara-shekara. In ya daina biya, ba mai aiko masa da gyara ran da dokar haraji ta sauya ko na'urarsa ta tsufa. In kuwa ya ce zai koma wata manhaja, sai ya tuna cewa lissafin shekara 10 ko 15 yana cikin wannan, an tsara lambobin asusunsa bisa tsarinta, akawunansa ita suka iya, masu binciken kuɗi ita suka saba gani. Ƙaura tana cin watanni, wani lokaci shekaru, tana cin kuɗi mai yawa, kuma in aka yi kuskure a tsakiya albashi na iya tsayawa. Yawancin manajoji su kan gwammace su ci gaba da biya. Wannan kuɗi mai shigowa ba fashi shi ne bankuna ke dubawa su ba da rance, da rancen a sayi wani kamfanin, da kuɗin abokan cinikinsa a biya rancen.

Adalci ne a faɗi cewa ba kullum sayen ke zama sharri ga mai amfani ba. Ƙaramin kamfani na iya mutuwa ya bar abokan cinikinsa marayu, alhali babba yana da ƙarfin riƙe su. SunSystems ba ta mutu ba. Tana nan ana sayar da ita a ƙarƙashin sunan Infor, an kuma yi ta sabunta ta. Amma a duk waɗannan cinikayya huɗu babu wanda ya nemi shawarar akawun da ke Ikko ko Kano ko Jos, ko da ya ke kuɗin da ofishinsa ke biya kowace shekara yana cikin abin da aka auna aka yanke farashi.

Mutanen Filato ba baƙi ba ne ga irin wannan. Cikin 1939 aka haɗe wasu kamfanonin haƙar kuza aka kafa ATMN, wanda ya zama mafi girma a wannan tudu, kuma a London aka ƙulla shawarar. A 1972 Gwamnati ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya da hedkwata a Jos, dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sauya masu hannun jari, amma farashin kuza yana nan inda ya ke. Da kasuwarsa ta rushe a London a watan Oktoba na 1985, leburori a Bukuru da Barikin Ladi ne suka kwana da yunwa. Bambancin kawai shi ne, kuza ya bar tafkuna da tuddan ƙasa da ido ke gani, ita kuwa manhaja ba ta barin rami.

Wakili Ya Zama Mai Ƙofa

A nan ne labarin ya juya. Wakilin nan na Ikko, saboda ya mallaki abin kansa, guguwar 2006 ba ta tafi da shi ba. A 2007, da aka fara gwajin tsarin biyan albashin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya daga wuri guda, watau IPPIS, da taimakon Bankin Duniya don maganin ma'aikatan bogi, SystemSpecs ne ya yi aikin zagayen farko, ko da ya ke daga baya an mai da tsarin bisa manhajar Oracle ta Amurka. Babban rabonsa yana gaba. A 2012 Gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta fara gwajin Asusun Bai Ɗaya, wanda manufarsa ita ce a rufe dubban asusun da ma'aikatu da hukumomi suka buɗe a bankunan kasuwanci, a tattara kuɗin Gwamnati a Babban Bankin Nijeriya. Remita aka zaɓa ta zama ƙofar shiga da fita. A watan Agusta na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kowace hukuma ta shiga, aka sa ranar 15 ga Satumba ta zama wa'adi. Tun daga ranar ce takardar nan mai alƙaluma 12 ta isa Daɗin Kowa.

Ba a yi wata biyu ba rigima ta tashi. A watan Nuwamba Sanata Dino Melaye ya tsaya a zauren Majalisar Dattawa ya yi zargin cewa la'adar kashi ɗaya cikin ɗari da a ke cirewa ta kai Naira miliyan dubu 25, ya nemi a bincika. Kamfanin ya musanta wannan adadi, ya kuma bayyana cewa la'adar ba tasa ba ce shi kaɗai: rabi nasa, kashi 40 na bankuna, kashi 10 na Babban Banki. Babban Banki ya ba da umarnin a mai da abin da aka cira, aka mayar, aka kuma shafe lokaci mai tsawo ana jayayya bisa abin da ya dace a biya. Ƙarshenta a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauke nauyin daga kan Gwamnati aka aza wa mai biya, Naira 150 da harajin kaya a kan kowane biya. Uban ɗalibin nan shi ya ɗauki kayan.

Abin lura a cikin wannan rigima shi ne, duk zafin maganganun da aka yi a majalisa, ba a rufe ƙofar ko na yini ɗaya ba. Ba a iya ba. Kuɗin jami'o'i, da na asibitocin koyarwa, da na ɗaruruwan hukumomi duk ta nan su ke bi, bankuna sun haɗa na'urorinsu da ita, akantocin Gwamnati ita suka koya. Riƙon nan da Systems Union ya yi wa abokan cinikinsa, wanda masu jari na San Francisco da Wichita suka biya maƙudan kuɗi don su gada, shi ne tsohon wakilinsa ya samu a kan mafi girman abokin ciniki a ƙasar nan. Cewa mai riƙon ɗan gida ne ba ƙaramin abu ba ne, domin ribar tana zama a gida, masu gyara suna kusa, majalisa tana iya kiran shugaban kamfani ya zo ya amsa tambaya, abin da ba ta iya yi wa mai matatar mai a Kansas. Sai dai kamfani mai zaman kansa kaya ne na masu shi, kuma kaya ana sayar da shi. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye Paystack, wani matashin kamfanin biyan kuɗi na Ikko, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

A farkon shekarar 2025 Ofishin Babban Akanta na Tarayya ya ba da sanarwar wani sabon tsari na tattara kuɗin shiga da sa musu ido, wanda aka ce zai fara aiki ranar 4 ga Maris. Jaridu suka buga cewa kwanan Remita ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki ofishin ya sake fitowa ya yi bayani cewa ba a sallame ta ba, za a haɗa ta ne da sabon tsarin, sa'an nan a buɗe hanya ga wasu kamfanoni masu lasisin Babban Banki su ma su shigo.